Tambaya da Amsa: Idan Ayyuka Suka Yi Wa Ma'aikata Rubdugu

Wasiƙun wannan wata sun zo ne daga ƙungiyar unguwa, da asibitin karkara, da kamfanin sufuri, da masana'antar shinkafa, da makaranta, da ƙungiyar adashe. Kukan kusan iri ɗaya ne: nauyi ya yi yawa, kowane aiki yana neman a fara da shi, ana riƙe wannan wancan na zubewa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Funtuwa. A wuyanmu akwai gyaran famfon burtsatse, katange maƙabarta, kuɗin makarantar marayu da rabon abincin azumi. Duk wata muna zama mu yanke shawara, a zama na gaba sai mu tarar ba abin da ya motsa. Kuma dukkanmu mutanen kirki ne. A ina gizo ke saƙar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Buɗe littafin da kake rubuta bayanan zama ka duba shawarwarin wata uku da suka wuce. Muna kyautata zaton abin da za ka gani shi ne "an amince a gyara famfo" da "za a tuntuɓi mai unguwa". Shawara ce marar mai ita. Mutum ashirin sun ji, kowa ya tafi gida yana zaton ɗan'uwansa zai yi, kuma ba wanda za a dubi idonsa a ce shi ya gaza.

Daga yau kada ka bari a shafa fatiha sai kowace shawara ta samu abu huɗu a rubuce: mene ne aikin, sunan mutum ɗaya da ke riƙe da shi, ranar da zai kawo shi, da abin da za a gani a san an gama. Mutum ɗaya muka ce. Yana iya neman taimakon mutum biyar, amma shi za a tambaya. Da zarar an rubuta suna biyu ko an ce "kwamiti", an koma gidan jiya.

Sannan a gutsuttsura aikin. "Gyaran famfo" ya yi faɗi, shi ya sa ba a san ta ina za a kama shi ba. A fara da wannan: a kawo mai gyara ya zaro injin, ya faɗi ko ƙonewa ya yi ko ruwan ne ya yi ƙasa, ya rubuta kiyasin kuɗi, zuwa Asabar. Duk guntun da zai ci fiye da mako biyu, a sake raba shi.

Ga wadda ƙungiyoyi ba sa son ji: taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Kuɗin marayu da abincin azumi suna da ranarsu, don haka sai a ƙirgo baya daga ranar. Jerin gidajen da za a ba abinci ya kammalu a Rajab, a yi sayayya a farkon Sha'aban kafin kasuwa ta tashi. Tsakanin famfo da katanga kuwa ku zaɓi ɗaya ku gama shi tukuna. Mu famfo za mu zaɓa, don ruwa kullum ake nemansa. Katangar da aka tsaya a layi uku na bulo ta cinye kuɗi, ga shi ko akuya ba ta hanawa shiga.

Zaman wata-wata ma ya yi nisa. Masu riƙe da ayyuka kaɗai su riƙa haɗuwa duk mako, minti 15 bayan la'asar, kowa ya amsa tambaya biyu: ina aka kwana, kuma me ya tare ka.

Manyan hukumomi ma haka suka fita daga irin wannan hali. A 2012, shekarar da cutar shan inna ta kama yara 122 a Nijeriya, aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja, aka bi da wasu a jihohi irin su Kano da Katsina da Barno. Aka tara jami'an gwamnati da na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da UNICEF da ƙungiyar Rotary a ɗaki ɗaya ƙarƙashin jagora ɗaya, da allon bayanai ɗaya da ke nuna ƙaramar hukumar da ta shirya da wadda ba ta shirya ba, ga zaman bita kowace yamma a kwanakin rigakafi. Adadin ya sauka zuwa 53 a 2013, zuwa 6 a 2014. Sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida duk sun yi nasu, amma cibiyar ce ta sa aka san wanda za a tambaya. Da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, wannan tsarin aka ɗauko har da wasu ma'aikatansa, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, kowanne kwana 21, kuma ranar 20 ga Oktoba WHO ta bayyana cewa an kawar da ita daga ƙasar.

TAMBAYA: Ni ce mai kula da wani asibitin sha-ka-tafi a karkarar Bauci. Mu huɗu ne kacal. Ga awon ciki, ga rigakafi, ga karɓar haihuwa, ga masu zazzaɓi, ga rahoton wata-wata da ake jira a ƙaramar hukuma. Komai na gaggawa ne. Da me zan fara?

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Malama. Wannan tambaya ba a amsa ta da safiyar Litinin mutane cike da baranda. Tun kafin ranar ake amsa ta, a rubuta, a manna a bango, domin mai gajiya yakan bi wanda ya fi ɗaga murya ne, alhali yaron da ya fi kusa da mutuwa sau da yawa ko kuka ba ya iyawa.

Hukumar WHO tana da tsarin tantance yara marasa lafiya da ya kasa su uku. Na farko, waɗanda za a kama nan take: wanda numfashinsa ya toshe ko yake sarƙewa, wanda leɓensa ya yi shuɗi, mai jijjiga, wanda ya suma, wanda hannuwansa suka yi sanyi bugun jininsa ya yi rauni, da mai gudawar da ruwan jikinsa ya ƙare. Na biyu, waɗanda za a tsallakar da su gaban layi, irin su: jaririn da bai kai wata biyu ba, mai zafin jiki sosai, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat, wanda ya sha guba, mai ƙuna, mai kumburin ƙafafu biyu. Saura su bi layi. Dubawar ba ta wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 ga kowane yaro. Ki ba mutum ɗaya wannan aiki, ya riƙa zaga layin duk rabin awa, domin wanda ya zo da ƙafarsa ƙarfe takwas yana iya rikicewa ƙarfe goma.

Akwai kuma ayyukan da ba sa kuka sam, kuma su ne suke fara zubewa. Firjin alluran rigakafi yana buƙatar zama tsakanin digiri 2 da 8, a duba a rubuta safe da yamma, har Asabar da Lahadi. Mutane zafi suke tsoro, amma daskarewa tana lalata allurar penta (mai kariya daga cututtuka biyar) da ta tetanus ba tare da ido ya gani ba. Irin wannan aiki, da ƙirga magani, da cike rajista, a ɗaure kowanne da lokaci da suna. Rahoton wata kuma kada a bar shi sai ƙarshen wata: minti 20 kafin tashi kullum a tattara alƙaluman ranar, ranar 30 haɗawa kawai za a yi.

Bari mu ɗan tsaya a kan wani lissafi da shugabanni da yawa ba su sani ba. A ce ma'aikaciya ɗaya tana ganin majiyyaci cikin minti 10 a matsakaici, mutane kuma suna zuwa yadda suka ga dama, wani ya daɗe wani ya yi sauri. Lissafin layi mafi sauƙi ya nuna cewa idan aikin ya cinye rabin lokacinta, jira zai kai kamar minti 10. Idan ya cinye kashi 80 cikin ɗari, minti 40. Kashi 90, awa ɗaya da rabi. Kashi 95, fiye da awa uku. Ƙarin aikin daga 80 zuwa 95 ɗan kaɗan ne, amma jiran ya ninka kusan sau biyar, saboda babu sauran sararin da za a cike giɓi idan mutum uku suka faɗo lokaci guda. Don haka kada ki tsara ranar da ta cika fam. Ki bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na lokaci ba komai a kai. Naƙuda ko hatsari za su zo su same shi. Kuma kada awon ciki da rigakafi su faɗa rana ɗaya, musamman ranar kasuwar garin.

TAMBAYA: Ina kula da motocin wani kamfanin sufuri a Sakkwato. Na buga takardar abubuwa 32 da direba zai duba kafin ya tashi. Tsofaffin direbobi sun ce raini ne, sauran kuma suna cikewa a zaune cikin mota.

AMSA: Alhaji, rabin laifin na takardar ne. Amma fara da ba tsofaffin direbobin wannan labari. Ranar 30 ga Oktoban 1935 wani sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a jihar Ohayo ta Amurka, mutum biyu suka mutu. Matuƙin yana cikin mafiya ƙwarewa a rundunar, abin da ya manta kawai shi ne sakin makullin da ke riƙe fikafikan sarrafa jirgi idan yana ajiye. Daga nan jerin dubawa ya samu gindin zama a harkar jiragen sama. Ƙwararre ake yi wa shi, domin wanda ya yi abu sau dubu shi ne hannunsa ke wucewa hankalinsa yana wani wuri.

A 2008 WHO ta fitar da irinsa don ɗakin tiyata, abu 19 da aka kasa wuri uku: kafin a sa majiyyaci barci, kafin a sa wuƙa, da kafin a fita da shi. A gwajin da aka yi a asibitoci takwas, daga Toronto har Ifakara ta Tanzaniya, matsalolin bayan tiyata sun sauka daga kashi 11 zuwa 7 cikin ɗari, mace-mace daga 1.5 zuwa 0.8. Sai dai da aka tilasta shi a lardin Ontariyo na Kanada, binciken da aka wallafa a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. Takardar da aka jefo daga sama, cikewa ake yi, irin yadda direbobinka suke yi.

Ka rage naka zuwa bakwai ko takwas, waɗanda mantawa da su ke kisa ko kwana a daji: birki, iskar taya da notinta, ruwan lagireto, baƙin mai, fitilu, safaya da jak, takardun mota. Ka zauna da tsofaffin direbobin su zaɓa da kansu. Mutum biyu za su yi shi, yaron mota yana karantawa da ƙarfi, direba yana taɓa abin da hannunsa yana amsawa. Kada ya wuce minti uku. Kuma ranar da dubawa ta nuna birki ba daidai ba, motar ta kwana ko da an cika ta da fasinja. Idan ka ce "a lallaɓa" sau ɗaya, takardar ta mutu.

TAMBAYA: A masana'antarmu ta casar shinkafa a Kano muna aiki dare da rana. Na lura yawancin ɓarna tana faruwa ne cikin awa ɗaya bayan masu dutin rana sun miƙa wa na dare. Me ke kawo haka?

AMSA: Injiniya, ka lura da abin da ya ci rayuka a manyan wurare. Wanda zai tafi ya gaji, hankalinsa yana gida. Wanda ya zo bai ga abin da ya faru da rana ba. Duk abin da ke cikin kan na farko wanda bai faɗa ba ya bi shi gida.

Daren 6 ga Yulin 1988, dandalin haƙar mai na Piper Alpha a Tekun Arewa, gabas da Sikotilan, ya kama da wuta, mutum 167 suka mutu. Da rana an cire bawul ɗin kariya na ɗaya daga cikin famfuna biyu don gyara, aka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe da ba a ɗaure shi sosai ba. Aikin bai ƙare ba aka tashi. Da dare ɗaya famfon ya tsaya, masu duti suka ga ba abin da ya hana su tayar da na farko, domin takardar izinin aikin bawul ɗin tana wani wuri daban da ta famfon, kuma ba wanda ya gaya musu baki da baki. Suka tayar, iskar gas ta fita. Akwai takarda, akwai doka, amma ba su haɗu da mutumin da ke bakin makunni ba.

Ga abin da za ka yi. Masu dutin biyu su haɗu na minti 15, ka biya su kuɗin wannan lokaci. Miƙawar a yi ta a tsaye gaban injin, ana zagawa tare daga tukunyar tururi zuwa na'urar busarwa zuwa injin casa. Littafin miƙa aiki ɗaya ne, a wuri ɗaya, kuma a bi shi da tsari ɗaya kullum: abin da ke aiki, abin da aka kashe da dalilin kashe shi, gyaran da ba a gama ba, abin da ya yi baƙon sauti ko zafi yau, da abin da ake jira. Mai karɓa ya maimaita da bakinsa abin da ya ji, sannan su biyun su sa hannu. Duk injin da aka buɗe, a sa kwaɗo a makunninsa da kati mai sunan wanda ya sa, mabuɗin yana aljihunsa. Idan zai tafi bai gama ba, mai karɓa ya sa nasa kwaɗon kafin na farko ya cire. Rubutun alli a jikin allon wuta ba ya hana hannu.

TAMBAYA: Ni shugaban wata makarantar sakandare ne a Damagaram. Malamaina ba sa gaya mini matsala sai ta girma. An yi kuskure a sunayen ɗalibai wajen rajistar jarrabawa, mutum uku sun gani, ba wanda ya yi magana.

AMSA: Ranka ya daɗe, tambayi kanka abin da ya samu mutum na ƙarshe da ya kawo maka mummunan labari. Idan faɗa ya sha a gaban jama'a, sauran sun ɗauki darasi.

Nauyin bakin na ƙasa a gaban na sama ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Injiniyan ɗaya jirgin ya tambaya ko ɗayan ya bar titin. Kyaftin, wanda babba ne a kamfanin, ya amsa da tabbaci ya ci gaba da gudu, tambayar ta mutu a nan. Wannan hatsari yana cikin abubuwan da suka sa kamfanonin jirage suka fara koya wa ƙananan matuƙa yadda ake tsayar da babba, suka koya wa manya yadda ake sauraro. A masana'antun Toyota kuma ma'aikaci mafi ƙanƙanta yana da igiyar da zai ja idan ya ga aibi, shugaban sashe ya taho, in ba a warware ba layin ya tsaya.

A wurinmu, inda kunya da girmama na gaba suke da ƙarfi, cewa "ƙofata a buɗe take" ba ta isa. Ka ba su kalma da kowa ya san halas ce, misali "Malam, a dakata a duba", ka sanar a taron malamai cewa duk wanda ya faɗe ta za a tsaya, ko da sabon malami ne. A taron mako ka daina tambayar "akwai matsala?", domin amsarta "babu" ce. Ka bi su ɗaya-ɗaya, ka fara da mafi ƙanƙanta, ka ce "me ya kusa lalacewa a wannan mako?" Kuma ka raba abu uku da ake cakuɗawa: wanda ya yi tuntuɓe a aiki, a gyara hanyar aikin, wanda ya saba yanke hanya saboda kowa haka yake yi, a ja kunnensa a kuma duba abin da ya sa hanyar ta yi tsawo, wanda ya yi ganganci da saninsa, shi ne na hukunci.

Game da rajistar, kafin a aika a buga jerin, kowane ɗalibi ya duba sunansa da ranar haihuwarsa da darussansa ya sa hannu. Wanda ya shigar da sunayen kada ya zama shi ne mai dubawa, don ido ba ya ganin kuskuren hannunsa.

TAMBAYA: Muna da ƙungiyar adashe da bashi ta mata a Kumasi. Wani ya ce mu sayi manhajar kwamfuta ta tsara mana ayyuka. Yanzu komai yana hannun ma'ajiyarmu, ita kaɗai ta san lissafi.

AMSA: Hajiya, a ajiye maganar manhaja tukuna. Abin da ba ku iya tsarawa a littafi ba, kwamfuta ba za ta tsara muku ba. Zauren WhatsApp ma ya yi kyau don kiran taro, amma kada ya zama rajistarku, don saƙon kuɗi yakan nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a.

Abin gaggawa shi ne ma'ajiyar. Ko da ta fi kowa amana, tana iya yin rashin lafiya ko ta tafi aikin Hajji. Ku raba aikin kuɗi hannu uku: mai amincewa a fitar, mai riƙe kuɗi, da mai rubutawa. Asusun banki ya zama sai biyu cikin uku sun sa hannu. Kowace mamba ta riƙe ɗan littafinta da ake rubuta zubinta a gabanta, a ƙirga kuɗi a bainar jama'a a ƙarshen kowane zama, a gwada shi da abin da ke babban littafi. Ku naɗa mata mataimakiya, kuma sau ɗaya a wata uku mataimakiyar ta gudanar da zaman ita kaɗai, ma'ajiya tana zaune ba ta cewa uffan. Duk inda mataimakiyar ta tsaya tana neman tambaya, ku rubuta shi a ranar, ku sa shi a shafin farko na babban littafi.